Na'urorin RTK biyu sun saɓa wajen awon gona ɗaya

Assalamu alaikum. Ina kula da gonar shinkafa ta noman rani a yankin Kadawa, inda muke amfani da na'urorin tauraron ɗan'adam biyu masu RTK (tsarin da ke gyara awon wuri har ya kai daidaiton santimita): ɗaya ta mai awon ƙasa, wadda aka fitar da iyakoki da layukan magudanan ruwa da ita, ɗaya kuma tana kan tarakta, tana karɓar gyara daga tashar tushe (na'urar da ke zaune wuri ɗaya tana aika gyaran awo) da muka kafa a bakin gona.

Kowacce tana nuna ta samu cikakken daidaito na santimita biyu zuwa uku, amma idan aka ɗora su a kan turke ɗaya, sai a ga tazarar kusan mita ɗaya da rabi wajen arewa maso gabas. Tazarar iri ɗaya ce a duk kusurwoyin gonar, don haka garmar tana cin gefen magudana.

Na tabbatar dukkansu suna kan tsarin awon duniya na WGS84 da shiyyar taswira ta UTM 32N. Da tsarin Minna (tsohon tsarin awon ƙasa na Najeriya) ne ya shiga tsakani, bambancin zai kai gomman mitoci. Na sake auna tsayin eriya da nisanta daga tsakiyar tarakta, na kuma kashe karɓar GLONASS (taurarin ɗan'adam na Rasha), babu abin da ya sauya. Abin da ya rage min zargi shi ne, tashar tamu da kanta ta ƙididdige matsayinta ranar da aka kafa ta, alhali mai awon ya dogara da tashar tushe ta dindindin da ke aiko gyara ta intanet.

Shin shigar da lambobin da mai awon ya auna a matsayin wurin tashar tushenmu zai kawar da tazarar, ba tare da ya gusar da layukan da taraktar ta riga ta adana ba?