Tumatir ɗina na yaushi alhali ganyensa kore shar

Salamu alaikum 'yan uwa manoman rani. Ina da garka a Jiratawa, kusa da Maradi, kuma abin da ke cin tumatir ɗina ya kai ni maƙura.

Yana fara fure sai ya yi yaushi da tsakar rana, ya farfaɗo da yamma. Kafin mako ya zagayo ya kwanta ke nan, ganyen bai ko yi rawaya ba. Na yanka karan wanda ya mutu, cikinsa ruwan ƙasa. Da na tsoma shi a kofin gilashi mai ruwa, sai ga wani farin abu kamar madara yana sauka zare-zare. Kuma cutar hanyar ruwa take bi, daga fangali zuwa na gabansa.

Na ƙara ban ruwa, abin ya ƙara muni. Na fesa maganin funfuna, kuɗina kawai suka tafi. Na tumɓuke masu ciwon na ƙone, na dasa sababbi a gurbinsu, su ma suka bi sahu.

Malamin gona ya ce bakteriya ce da ke zaune a ƙasa. Tana shiga ta raunin saiwa lokacin dashe ko noma, ta hayayyafa a jijiyoyin kara har ta toshe wa ruwa hanya, shi ya sa feshin ganye ba ya kai mata. Ya ce tattasai, yalo da dankalin turawa ma ba ta ƙyale su, ga shi kuwa su ne abin da nake samun kasuwarsu.

Don Allah, wanda ya taɓa fama da ita a ƙasar gulbi irin tamu: me zan shuka a waɗannan fangulan har ƙasar ta warke in maido tumatir?