Kofi biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa, giram nawa ke nan?

Amarya: Salamu alaikum 'yan zaure. Na samu oda ta biskit ɗin gyaɗa na suna, tsarin haɗin ya ce kofi biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa a kowane kwaɓi. Jiya na gwada sau biyu, na farko ya yi daidai, na biyu ya baje a faranti yana tsatsar mai. Kofi ɗaya na yi awon da shi wallahi. So nake na koma kilo na huta.

Anti mai kek: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kofin da Turawa ke nufi a girki kusan mililita 240 yake ci. In kika cika shi da ɓararriyar gyaɗa, ƙwaya, kina da giram 145 ko kusa da haka. In markaɗaɗɗiya ce lukui, wadda ta koma kamar man shafawa, kofin nan zai haura giram 250. To kin ga tazarar. Taki wacce ce?

Amarya: A bilenda na niƙa Anti. Ta farko da ɗan tsaki-tsaki, ta biyu na bar ta ta daɗe.

Anti mai kek: Shi ke nan, kin ba kanki amsa. Gyaɗa kusan rabinta mai ne. Da ta ji zafin niƙa sai man ya fito, ta dunƙule, iskar da ke tsakanin garin ta fice. Kofin bai canja ba, amma gyaɗar da kika zuba a kwaɓi na biyu ta fi ta farko nauyi nesa ba kusa ba. Ki riƙa auna ƙwayar kafin niƙa, giram 290 a madadin kofi biyu ki fara da shi, in ya bushe ki ƙara kaɗan. Nauyi ba ya guduwa a bilenda, sai abin da ya maƙale a jiki.

Hajiya mai ƙuli: Yaran zamani da sikeli! Shekarata talatin ina matsar mai, da tiya nake awo, hannuna ya san tunkuza in ta yi. Amma gaskiya 'yata, a wajen saye ki buɗe ido. Mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne, wani mai awon ya tara miki hannu a baki, wani kuma an bubbuge gindin kwanonsa ya shige ciki. Kuma ki auna bayan kin soya kin murje jan ɓawon, don tana raguwa. Sabuwar gyaɗa ta kaka ma ta fi raguwa, da sauran danshi a jikinta.

Yaya daga Maraɗi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu nan ma tiya ce, kuma in mai kwanso kika saya, ki cire wajen kashi uku cikin goma na nauyin, ɓawo ne.

Anti mai kek: Sikelin kicin ƙarami mai batir ki nema, wanda yake da maɓallin mayar da lamba sifili bayan kin ɗora roba. Kada ki sayi mai allura na masu nama, ba ya ganin giram ashirin.

Amarya: In kuɗin bai kai ba kafin Asabar fa?

Hajiya mai ƙuli: Ki ɗauki gwangwanin madararki ɗaya, ki cika, ki shafe bakinsa da wuƙa ba dannawa, ki kai shagon masu kayan kek su ɗora miki sau ɗaya. Ki rubuta a jikin bango. Kar dai ki canja gwangwanin.

Amarya: Allah ya saka da alheri Hajiya, na gode Anti. Gobe da safe zan kai.

Hajiya mai ƙuli: Wanda ya bajen nan kar ki zubar, ki aiko min da shi na sha shayi.