Neman shawara: sabon kamfanina ya hana ni zama da iyali

Assalamu alaikum. Shekara ɗaya ke nan da na buɗe ƙaramin kamfani a Kano, inda muke haɗa 'yan kasuwar Kantin Kwari da masu sayen atamfa da shadda ta intanet. Mu uku ne kacal, saboda haka ni ke amsa saƙonnin WhatsApp, ni ke bin direbobi a tasha, ba na komawa gida sai yara sun yi barci. Na gwada kashe waya bayan sallar isha'i, amma ciniki ya ragu, domin a lokacin ne masu saye suka fi turo saƙo. Kuɗin ɗaukar ma'aikaci kuwa bai samu ba tukuna. Don Allah, waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, yaya kuka raba lokacinku ba tare da kasuwancin ya durƙushe ba?