Jatan landena na ƙarewa tun da na zuba kifin loci, a taimaka da shawara

Baban Fati, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hankalina ba a kwance yake ba. Ina da tankin gilas mai cin lita 60 a falo, wata tara ke nan. Ƙanina ne ya bar mini shi da zai koma Tamale, har da filta da fitila, ni kuma na sayo tsakuwa fara na shimfiɗa don yara su ga kyau. Da jajayen jatan lande goma na fara, suka hayayyafa har sun haura talatin, ga ƙananan kifaye, tetira takwas da gofi biyar, kowa lafiya. Sai ƙananan katantanwa suka cika gilashin. Mai shago ya ce loci ne maganinsu, ya ba ni biyu masu ratsin baƙi da ruwan lemo da yake kira kilawun, da biyu sirara kamar macijin ciki, wato kuli. Sati uku yau, jatan lande tara kawai nake ƙirgawa. Jiya kuma na ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikin kilawun ɗaya, yana goga jiki a dutse. Me zan yi?

Alhaji na Sawaba: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka haɗa kura da akuya a garke ɗaya. Kilawun kifin kogunan Sumatra da Borniyo ne, a can katantanwa da ƙananan halittu masu ɓawo yake ci. Bakin da ke zaro katantanwa daga gidanta ba zai bar jatan lande mai tsawon santimita uku ba, musamman wanda ya yi saɓa jikinsa na da taushi. Kuma wannan da kake gani kamar ɗan yatsa jariri ne, yana kai santimita 20 zuwa 30, yana son zama cikin garke na biyar ko fiye. Lita 60 ba gidansa ba ne. Fitar da su yau. Kada ka kama da raga, akwai ƙaya a ƙarƙashin idonsa da yake miƙewa idan ya tsorata, tana maƙalewa a zare. Kora shi cikin kofin roba.

Maman Zainab, Tafo: Alhaji, a yi haƙuri, kafin a yanke hukunci a tambaye shi. Baban Fati, kana ganin gawa ko ɓacewa suke yi? Saɓa fara ce, ana hangen gilas ta cikinta, ba komai a ciki. Gawa kuwa tana komawa ruwan hoda kamar an dafa. Sannan kana fesa maganin sauro ko kunna na hayaƙi a falon? Famfon iska yana zuƙar abin da ke ɗakin ya tura cikin ruwa. Kifi na iya jurewa, jatan lande kuwa sai ka ga suna iyo kamar sun haukace, da safe sun zube. In dole a fesa, a kashe famfon, a rufe tankin da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe tagogi kafin a sake kunnawa.

Baban Fati, Aboabo: Hajiya, gawa biyu na taɓa gani. Maganin sauro kam ana kunnawa, Aboabo ce, amma tun da ma ana kunnawa ba su mutu ba. Alhaji, ni ban taɓa ganin kilawun ya kama ko ɗaya ba, kullum yana ɓoye bayan dutse. Kuɗi na kashe a kansu, kuma su ne yara suka fi so. Na fi zargin kulin nan, don da dare suke fitowa.

Alhaji na Sawaba: Ka ba kanka amsa: ashirin sun ɓace, gawa biyu. Sauran suna cikin cikin kilawun. Kuli bakinsa ƙarami ne, yana kallon ƙasa, iyakarsa ya tsinci sabon ƙyanƙyasa idan ya ci karo da shi. Babban jatan lande ya fi ƙarfinsa. Kuli ne ma locin da ya dace da tankinka, amma ka cuce shi sau biyu. Biyu sun yi kaɗan, sai sun kai shida suke sakin jiki. Tsakuwar nan kuma tana cinye masa gashin bakin da yake lalubo abinci da shi. Sa yashi mai laushi kaurin santimita uku, ka wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau. Ɗaura soso a bakin bututun filta, don kuli na shigewa ciki ya mutu, jariran jatan lande ma haka. Murfi ya rufu ruf, har ramin da waya ke bi.

Ɗan Asawase: Abin da ke ƙona min rai masu shagon nan ne. Duk kifi mai gashin baki loci ne a wajensu, ko yoyo ko kilawun ko kuli, farashi kawai suka sani. Har na kan dutse mai faɗin ciki suke sayarwa, wanda ke son ruwa mai sanyi da gudu, a garin da ɗaki ke kai digiri 30 a watan Maris, ga ɗauke wuta. Game da ɗigon, zuba gishiri cokali ɗaya a kowace lita 20, ka ɗaga hita zuwa 30, zai wuce.

Alhaji na Sawaba: A'a, ban yarda ba. Fatar loci kusan tsirara take, ɓawonta ƙanana ne ƙwarai, gishiri da magani suna shigarta fiye da sauran kifi. Digiri 30 kuma zai wahalar da tetira da jatan lande, kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. A ɗauke wuta cikin dare famfo ya tsaya, da asuba sai kwasar gawa. A ware kilawun a roba mai lita 30 da famfon iska, a ba shi maganin ɗigon, rabin adadin da aka rubuta a kwalba. Ƙwayar cutar ba ta jin magani tana manne a jiki, sai ta faɗo ta fashe 'ya'yanta na yawo a ruwa, don haka a ci gaba kwana 10 zuwa 14 ko da ɗigon ya ɓace. A karanta kwalbar: in akwai sinadarin jan ƙarfe, kada ɗigo ɗaya ya shiga inda jatan lande suke.

Maman Zainab, Tafo: Amma Alhaji cutar ta riga ta shiga babban tankin, ware ɗaya ba zai tsare tetira ba. Ni da jatan landen zan kwashe zuwa robar, da gansakuka da busasshen ganyen abrofo nkate (itacen almond na Indiya) biyu, a yi wa kifin magani a inda suke. Baban Fati, ba ka faɗi yadda kake canza ruwa ba. Kashi ɗaya cikin biyar a sati ya isa. Ruwan famfo na da kulorin, a sa maganin kashe shi, sabon ruwan kuma ya zo daidai da zafin na ciki, a zuba a hankali. Canji mai yawa lokaci guda na sa su yi saɓa ba shiri, su maƙale a ɓawon.

Baban Fati, Aboabo: Ruwa rabi nake canzawa duk sati biyu, kai tsaye daga famfo, haka ƙanina ke yi. Tun da asuba ma na zuba shuɗin maganin da mai shago ya ba ni, murfi ɗaya, kwalbar ba rubutu. Wata roba kuwa ba ni da wurin ajiyewa. In na ƙara gansakuka da tukwanen ƙasa don su samu maɓoya, ba za su zauna tare ba?

Alhaji na Sawaba: Maganin da ba rubutu? Canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan yanzun nan, ka sa gawayin filta ya tsotse sauran. Maɓoya na ceton jatan lande daga kuli, ba daga kilawun ba.

Ɗan Asawase: Gawayi zai janye maganin ɗigon ma ai, Alhaji. Sai kifin ya mutu a ceci jatan lande tara?

Baban Fati, Aboabo: Bari in ga yadda za su kwana tukuna. Wa ya san inda ake samun gansakuka mai araha wajen kasuwar Kejetia?