Musayar Waƙa: Sajan Sojan Doki da Ya Faɗi a Satiru

Ɗan Rima:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu alƙalami. A ranar 14 ga Fabrairun 1906 rundunar sojan doki ta Turawan mulkin mallaka ta fita daga Sakkwato zuwa Satiru, ƙauyen da ke kudu da birnin, inda Malam Isa da Ɗan Makaho suka tara talakawa da bayin da suka gudo a ƙarƙashin kiran Mahadiyya. Kafin rana ta faɗi an kashe Turawa uku, wato Hillary, wanda ke riƙon ƙwarya a madadin Burdon, Razdan na Sakkwato, da mataimakinsa Scott, da Laftanar Blackwood, kwamandan rundunar, tare da baƙaƙen sojoji 25. Na ƙaga sajan guda, ɗan ƙauye, domin ya tsaya a madadin waɗancan 25, kuma ina gayyatarku mu yi masa waƙa da amsa-amon "ki".

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
Ina roƙon Ya ba ni hasken ilimi,
In ba ku labarin wani jarumi,
Ɗan ƙauye da ya zam sajan sojan doki.

Ubansa manomi ne, abin hannunsa fartanya,
Uwarsa na dama fura ta kai bakin hanya,
Shi ko tun bai iya ɗaukar cikakkar ƙwarya,
Ya zam mai yankan ciyawa a bargar sarki.

Can ya koyi ɗaura sirdi da gyaran likkafa,
Ya san ciwon doki tun daga ɗaga ƙafa,
Amma hawa na 'ya'yan gida ne, nasa rabon zufa,
Ladansa tuwon dare da kwana a bayan ɗaki.

Shekarar da Kano ta faɗi, Sakkwato ta bi baya,
Nasara suka nemi mahaya su haɗa runduna ɗaya,
Ya bar barga ya tafi, ko sau ɗaya bai waiwaya,
Aka ba shi jar dara da bindiga da kaki.

Ya fi kowa sanin dabba, ya fi kowa hawa,
Ya iya fareti, ya iya daka wa kurata tsawa,
Igiya ta zama uku a damtse ba jimawa,
Ɗan ciyawar jiya ya zam babba a bariki.

Mai Gafaka:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Rima. Baitocin sun yi armashi, amma ban yarda da kiransa jarumi ba, domin rundunar da ya shiga ita ce ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru na farko a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903.

Malam, ka yi haƙuri in ja maka linzami,
Wanda ya sayar da kansa ba a ce masa jarumi,
Ina yake ranar da jini ya kwarara a Burmi,
Aka kashe Attahiru, aka bar mu da miki?

Mutanen Satiru ba igwa, ba harsashi,
Gatari ne da fartanya da baka da mashi,
Sun ƙi biyan haraji, sun ce ba a bin su bashi,
Ko daga Nasara ko daga masu riƙe da mulki.

Shi ko sajanka, saboda sulallan wata,
Ya hau doki ya nufi 'yan'uwansa da mugunta,
In an kashe shi a can, ai kansa ya cuta,
Ba ni da hawayen yi masa, sai dai tsaki.

Tsohon Soja:

Ɗana Mai Gafaka, wanda bai taɓa tsayawa a sahu ba yakan ɗauka soja ne ke zaɓar inda za a kai shi. Irin wannan runduna ba a kan sirdi take faɗa ba: doki ne ke kai su, sannan su sauka, su ja sahu mai kusurwa huɗu, a bar wasu suna riƙe da dabbobi, sauran su buɗe wuta. Matuƙar sahun bai motsa ba, da wuya mai gatari ya iso gare shi, kuma a Satiru manya ne suka motsa shi, ba sajan ba.

Burdon ya yi tafiya, Hillary ke riƙon ƙwarya,
Ya wuce gaban sahu don ya lallashe su da murya,
Blackwood ya hango haɗari, sahun da ya ja ya karya,
Ya matsa don ya kare shi, nan aka ɓata aiki.

Satirawa suka taso da kabbara kamar ambaliya,
Kafin a sake jan sahu sun riga sun shigo tsakiya,
Dawaki suka firgita suna tsinke igiya,
Mai riƙonsu ya rasa wanda zai kama da wanda zai saki.

Bindiga mai ruwa ma ba ta cece su ba,
Satirawa suka ɗauke ta, ba su bar ta ba,
Sajan na da doki a kusa, amma bai gudu ba,
Ya tsaya yana tara kurata, yana hana su raki.

A nan gatari ya same shi a gindin kunne,
Wanda ya sare shi, irin ubansa, manomi ne,
Igiya ukun da ke damtsensa ba sulke ba ne,
Ya cika a cikin karan dawa da jini a baki.

Hajiya Mai Lalle:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Dukanku maganar maza kuke yi, alhali wannan yaƙi bai ƙare a kan maza ba. A ranar 10 ga Maris 1906 Manjo Goodwin ya dawo da babbar runduna, da goyon bayan masarautar Sakkwato, aka kashe mutum kusan 2,000, aka rushe garin, sannan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Matarsa tana bariki ta ɗora sanwa,
Sai ga dokinsa ya dawo, sirdi ba kowa,
Ta shiga takaba, ba likkafani, ba gawa,
Ga goyo a baya, ga wani ɗan a ciki.

Ƙanena Mai Gafaka, sassauta wannan yabo,
Satirawa ma akwai a hannunsu tabo,
Tsomau maƙwabta ne, an zauna an yi sabo,
Ana gobe faɗan suka kai musu farmaki.

Da aka zo ramuwa, wuta ta lashe gari,
Harsashi ya haɗa mai goyo da mai gatari,
Aka kora mata da yara, ɗari bayan ɗari,
Zuwa gidajen manya masu rawani da dawaki.

Mai Gafaka:

Yaya Hajiya, na karɓi gyaranki a kan Tsomau. Baba kuma, tsayawar da sajan ya yi wa kuratansa ban raina ta ba, sai dai har yanzu ina tambayar wa ya yi wa aikin.

Yaya, batun Tsomau gaskiya ne, na sani,
Amma dubi wanda ya ci ribar wannan jini:
Lugga ya yaba wa masu manyan rawani,
Ingila ta aiko da lambar girma ga Sarki.

An kashe Ɗan Makaho a tsakiyar kasuwa,
Satiru ta zama kufai, ba gini, ba shukawa,
Sajan da ya mutu dominsu ba mai tunawa,
An ɗaura wa wani kofur igiyarsa, an ci gaba da aiki.