Yaya ake roƙon abincin yau ba tare da damuwa ba?

Ɗiyar Bukoki: Salama gare ku ƴan'uwa. Tiyar hatsi ta yi tsada a Yamai, ga kuɗin haya. Yaya mai bi zai yi addu'a kan wannan har hankalinsa ya kwanta?

Dattijon Wadata: Ɗiyata, buɗe Filibiyawa 4:6. Ki fara da godiya, sannan ki faɗi buƙatar da sunanta: tiya nawa, jika nawa, ranar da mai gidan haya zai zo. Inda ake kuskure shi ne a ce amin, a tashi a ci gaba da lissafin gobe. A Fitowa 16 manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, ta kwana ɗaya ake tarawa; waɗanda suka ɓoye ta kwana, da safe ta yi tsutsa, ta yi wari.

Maman Tawa: Gaskiya ne, Baba. Amma kada a naɗe hannu, 2 Tasalonikawa 3:10 ta hana. Lokacin kaka, hatsi na araha, ki ajiye ko buhu guda.

Ɗan Zongo: Yaya, ki kuma gaya wa zumuntar mata ko dattawan ikilisiya. Kunya ce ke sa tukunya ta kwana ba wuta alhali maƙwabciya na da saura. Duba Yakubu 2:15-16.