Jawaban DrupalCon da WordCamp: me ya sa matakan ba sa aiki idan an bi su?

Ɗan_Koyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bidiyoyin jawaban DrupalCon, taron masu amfani da manhajar gina shafin intanet ta Drupal, suna nan a YouTube, na WordCamp, taron masu WordPress, kuma a WordPress.tv, duk kyauta. Amma idan mutum ya bi mai jawabi mataki-mataki, sai ya nemi maɓallin da aka danna ya rasa, ko umarnin ya ƙi ci. Misali `drush dl views`, umarnin sauke modul (ƙarin manhaja) ɗin Views ta Drush, kayan ba Drupal umarni a rubuce, sam ba ya tafiya. Ta yaya ake gane jawabin da har yanzu yake da amfani, kuma yaya ake gwada shi ba tare da an ɓata shafi ba?

Maginin_Shafi:
Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin ka kunna bidiyo ka duba shekarar taron da sigar manhajar da ake magana a kai. An fara DrupalCon tun 2005 a Antwerp, ka ga kenan tsofaffin jawabai sun fi sababbi yawa nesa ba kusa ba.

Iyakar da za ka riƙe ita ce Nuwamban 2015, lokacin da Drupal 8 ta fito. A nan aka sake ginin daga tushe a kan Symfony, wani tsarin gina manhaja da harshen PHP. Umarnin da ka kawo na zamanin Drupal 7 ne, ita kuwa an daina kula da ita a Janairun 2025. Kuskure biyu ne a cikinsa: an cire `drush dl` tun Drush 9, sannan Views ta riga ta shiga cikin uwar manhajar, ba a sauke ta daban. Yanzu da Composer, manhajar sauke kayan PHP, ake kawo modul. A ce modul ɗin Pathauto kake so: `composer require drupal/pathauto`, sai `drush en pathauto`, sai `drush cr`.

Akwai alamomin da ke tona asirin tsohon jawabi ko ba a rubuta shekara ba. In ka ga fayil mai ƙarewa da `.tpl.php` maimakon `.html.twig`, ko ana zuba modul a `sites/all/modules`, ko an rubuta `drush cc all`, to Drupal 7 ce ko wadda ta girme ta. Sannan ka lura da PHP: Drupal 10 tana neman aƙalla 8.1, Drupal 11 kuma 8.3. Sau da yawa jawabin lafiyarsa lau, sabar da ke ɗauke da shafin ce ta tsufa, Composer ya ƙi.

Uwar_Jigo:
A ɓangaren WordPress iyaka biyu ce. Ta farko Disambar 2018, da 5.0 ta kawo editan bulok, wato Gutenberg. Ta biyu Janairun 2022, da 5.9 ta kawo jigon bulok (jigo shi ne theme, mai tsara kamannin shafi) irin Twenty Twenty-Two. Ƙanina, maɓallin da ka nema ka rasa ina kyautata zaton Customizer ne ko Widgets. Idan jigon bulok ne a kunne ba za ka gan su a ƙarƙashin Appearance ba, Editor za ka gani. Launi, girman rubutu da faɗin shafi sun koma cikin `theme.json`. Mai jawabin 2016 zai tura ka `functions.php` da `header.php`, hakan yana aiki har gobe, amma a kan tsohon salon jigo. Matsalar tana tasowa ne idan aka gauraya salon biyu.

Wani abin da masu jawabi ke wucewa da gudu saboda ƙarancin lokaci shi ne sauya adireshi idan an kwaso shafi daga saba zuwa kwamfuta. Kada ka buɗe fayil ɗin rumbun bayanai ka maye gurbin adireshin da hannu. WordPress tana adana wasu saituna tare da adadin haruffansu. Tsawon adireshi na canzawa, lissafin ya rushe, saitunan jigo su ɓace. Fara da `wp db export` don ajiye kwafin rumbun bayanan, sai `wp search-replace` da `--dry-run` don ka ga layi nawa zai taɓa, in ya yi maka sai ka cire `--dry-run` ka sake.

Mai_Saba:
Ni dai ban goyi bayan a zubar da tsofaffin jawabai ba. Wanda ya tsaya kan tsara nau'ukan abin da za a wallafa, rabon izini tsakanin editoci, ko sauƙaƙa shafi ga makafi masu amfani da manhajar karanta allo, bai cika tsufa ba. Na "danna nan, danna can" ne ke mutuwa da wuri.

Game da gwaji kuwa, kada ka kuskura ka yi a shafin da jama'a ke shiga. Saka Docker da DDEV, manhajojin da ke tayar da shafi a kwamfuta, a kwamfutarka, ka tayar da kwafin shafin da `ddev start`. Kafin kowane babban mataki ka yi `ddev snapshot`. In abu ya cakuɗe, `ddev snapshot restore` zai mayar da kai. Amma fa rumbun bayanai kaɗai yake ɗauka, fayiloli sai Git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayil.

Ɗan_Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: wani mai jawabi ya raba fayilolin saitunansa na Drupal, amma `drush cim`, umarnin shigo da saituna, ya ƙi karɓarsu a sabon shafi.

Maginin_Shafi:
Lambar shaidar shafi ce ta hana. Kowane shafin Drupal yana da UUID nasa, rubuce a `system.site.yml`, kuma ba ya karɓar cikakkun saitunan da lambarsu ta saɓa da tasa. Hanya mafi tsabta ita ce ka zuba fayilolin a foldar saitunan da `settings.php` ya nuna, ka girka shafin daga gare su da `drush site:install --existing-config`. Wannan yana share rumbun bayanan da ke akwai, don haka a kwafin DDEV kawai. Kuma ka fara kawo duk modul ɗin da ke cikin `core.extension.yml` da Composer, in ba haka ba girkin zai tsaya.